Nazari: Yawan ambato ko warakar kafaɗa, da wane ma'auni za a auna likita manazarci?

A duk shekara, da zarar an fitar da jerin sunayen manazartan da aka fi kafa hujja da ayyukansu a duniya, wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford da ke Amurka da abokan aikinsa ke haɗawa tare da kamfanin ɗab'i na Elsevier, sai jami'o'in Najeriya su shiga fitar da sanarwar taya murna ga malamansu da suka samu shiga. Murnar tana da dalili, domin ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya yi bincike a inda wutar lantarki da kuɗin gudanarwa suke wahalar samu, har masanan wasu ƙasashe su karanta su dogara da shi.

Sai dai a fannin likitanci akwai tambayar da irin wannan jeri ba ya amsawa, wato me binciken ya tsinana wa majinyaci? Tambayar ta ƙara nauyi a Jihar Nasarawa tun da aka miƙa Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf da ke Lafia ga Gwamnatin Tarayya domin ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafia. Asibitin koyarwa wuri ne da ake jinya, ake horarwa, ake kuma bincike. Ma'aunin da za a ɗora likitocinsa a kai wajen ƙarin girma shi zai yanke irin binciken da za su mayar da hankali a kansa shekaru masu yawa nan gaba, shi ne kuma zai nuna ko manomin Adogi da ya faɗi daga babur ya goce kafaɗa zai amfana da wannan bincike.

Tiyatar kafaɗa fanni ne da ya dace a yi wannan nazari da shi, saboda tarihinsa ya ƙunshi darussa biyu: yadda ambato ke ɗaukaka masani, da yadda ambato ke iya rufe ido ga gaskiya na tsawon lokaci.

Yadda ake ƙirga ambato

Idan manazarci ya rubuta maƙala a mujallar bincike, ya ambaci maƙalar wani a matsayin madogara, to wancan ya samu ambato ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya gabatar da shawarar tattara irin waɗannan ambato a mujallar Science a 1955, kuma a 1964 kundinsa na farko na ambaton kimiyya ya fara fita a kai a kai. A 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar, manyan rumbuna biyu da yawancin jami'o'i ke dubawa a yau.

A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira ma'aunin h. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan aka ce ma'aunin h na wani malami 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce daga cikinsu aƙalla sau 20. Hikimar ita ce kada mai tarin maƙalu marasa amfani ya yi zarra, kada kuma mai maƙala ɗaya tilo da ta yi tashe ya rinjayi wanda ya daɗe yana aiki mai inganci.

Sauƙin lissafin ne ya sa ya karɓu. Kwamitin ƙarin girma da ke da takardun malamai ɗari a gabansa ya fi son lamba ɗaya da zai duba, a kan ya zauna ya karanta maƙalu ɗaya bayan ɗaya. Amma lamba ba ta bambance ambaton yabo da na suka, ba ta kuma san ko abin da aka rubuta ya tabbata gaskiya daga baya ba.

Misalin Charles Neer

Duk wanda ya koyi tiyatar ƙashi, ko a Kano ko a Landan, ya san sunan Charles Neer, likitan Jami'ar Columbia da ke New York, wanda aka haifa a 1917 ya rasu a 2011. Ana ɗaukarsa uban tiyatar kafaɗa ta zamani. A 1955 ya wallafa sakamakon sanya wa majinyata kan ƙashin dantse na ƙarfe a madadin wanda ya farfashe. A 1970 ya fitar da tsarin rarraba karayar saman ƙashin dantse gwargwadon sassa huɗu na ƙashin da yadda suka goce daga mazauninsu. A 1972 kuma ya bayyana cewa yawancin ciwon kafaɗa mai daɗewa yana faruwa ne saboda jijiyoyin da ke ɗaga hannu suna gogar tsinin allon kafaɗa da ya yi wa gaɓar rumfa, ya kuma ba da shawarar a kankare ƙasan wannan tsini domin a buɗa wa jijiyoyin hanya. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka da aka kafa a 1982.

Maƙalunsa na 1970 da 1972 suna cikin waɗanda aka fi ambato a tarihin tiyatar ƙashi, an ambaci kowacce sau dubbai. Tare da su akwai maƙalar Constant da Murley ta 1987 daga Ingila, wadda ta kawo ma'aunin aikin kafaɗa mai maki 100: maki 15 na zafin ciwo, 20 na ayyukan yau da kullum, 40 na iya juya hannu, 25 na ƙarfi.

Akwai abin lura a nan. Ayyukan da suka fi samun ambato a wannan fanni galibi tsarin rarraba cuta ne ko ma'aunin sakamako, domin duk wanda zai rubuta wani abu a kan karayar kafaɗa dole ya faɗi tsarin da ya bi, duk wanda zai ba da rahoton tiyata dole ya faɗi ma'aunin da ya yi amfani da shi. Ke nan yawan ambato sau da yawa yana nuna cewa aikin ya zama harshen da masana ke magana da shi a tsakaninsu. Wannan babbar nasara ce, amma ba ita ce shaidar cewa majinyata sun warke ba.

Abin da lokaci ya bayyana

A 1993 wasu nazarce-nazarce da aka buga a mujallar Journal of Bone and Joint Surgery suka nuna cewa likitoci da dama, idan aka ba su hoton ƙashi iri ɗaya, sukan saɓa wa juna wajen sanya karayar a rukunan Neer. Waɗannan maƙalu na suka ma sun ƙara wa Neer yawan ambato.

Babban gwajin ya zo daga baya. Tiyatar kankare tsinin allon kafaɗa ta yaɗu ƙwarai a Turai da Amurka, musamman bayan da aka fara yin ta ta ƙaramar kafa da na'urar leƙa cikin gaɓa. Sai masu bincike a Jami'ar Oxford suka raba majinyata 313 gida uku: waɗanda aka yi wa cikakkiyar tiyatar, waɗanda aka zura musu na'urar aka leƙa kawai ba a kankare komai ba, da waɗanda ba a yi wa tiyata ba. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya nuna cewa kankarewar ba ta ƙara wani amfani a kan leƙawa kawai ba, kuma ratar da ke tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba ba ta kai wadda majinyaci zai ji a jikinsa ba. Wani gwajin da aka yi a ƙasar Finlan, wanda mujallar BMJ ta buga a shekarar, ya kai ga kusan wannan matsaya. A 2019 wani kwamitin masana ya fitar da shawara a BMJ cewa a daina yi wa masu irin wannan ciwo tiyatar.

Haka ya faru da karaya. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da majinyata 250 masu karayar saman ƙashin dantse wadda ta goce, wanda mujallar JAMA ta buga a 2015, ya gano cewa bayan shekara biyu babu bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka rataye musu hannu da ƙyalle aka kuma yi musu gashin ƙashi.

Wannan bai rage darajar Neer ba, domin a kan tubalin da ya aza ne aka yi waɗannan gwaje-gwaje, kuma har gobe akwai karayar da ba ta da magani sai tiyata. Darasin shi ne, fiye da shekara arba'in ana ambaton wata hanya ana kuma aiki da ita, sai da aka bi majinyata aka auna su kafin a san iyakar amfaninta. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga Najeriya, gwajin 2015 ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan da yawa daga cikin irin wannan karaya na iya warkewa da rataye hannu da gashin ƙashi, to iyalin da ke shirin sayar da gona ko dabba domin sayen ƙarfen tiyata suna da haƙƙin a gaya musu haka. Sai dai yawancin majinyatan gwajin dattawa ne, a ƙasar da ake samun mai gashin ƙashi cikin sauƙi. Ko sakamakon zai yi daidai da matashin ɗan acaba da ya zo asibiti bayan mako uku, wannan tambaya ce da likitocin gida ne kaɗai za su iya amsa ta.

Kafaɗar mutumin Adogi

Adogi gari ne a Ƙaramar Hukumar Lafia da akasarin mutanensa manoma ne. A irin wannan wuri kafaɗa jari ce. Da ita ake tada kunyar doya, da ita ake daka a turmi, da ita ake ɗora kaya a ka, ake jan guga a rijiya, ake riƙe kan babur. Wanda kafaɗarsa ta sandare a farkon damina ya yi asarar shekara guda.

Matsalolin kafaɗa da likitan ƙashi ke gani a arewacin Najeriya sun sha bamban da waɗanda suka cika manyan mujallun fannin, inda aka fi tattauna yagewar jijiya a jikin dattawa, raunin 'yan wasa, da sabbin nau'o'in gaɓar ƙarfe irin wadda Paul Grammont na Faransa ya ƙirƙiro a shekarun 1980.

Na farko akwai gocewar kafaɗa da aka bari ta daɗe. Idan aka kawo majinyaci cikin sa'o'i kaɗan, mayar da ƙashin mazauninsa aiki ne na ɗan lokaci. Idan aka yi makonni, nama ya kan cike gurbin, jijiyoyi su ƙanƙance, sai an yi babbar tiyata, ita ma ba lallai ta dawo da hannun yadda yake ba.

Na biyu akwai abin da ke biyo bayan ɗori. Masu ɗorin gargajiya su ne mafakar farko ga ɗimbin masu karaya a karkara, saboda suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, jama'a kuma sun yarda da su. Amma likitocin Najeriya sun daɗe suna rubuta rahoton yadda ɗaure karaya da karare tamau ke toshe jini har hannu ya ruɓe, a kai ga yanke shi, musamman a tsakanin yara.

Na uku akwai amosanin jini, wato sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Cutar na toshe ƙananan hanyoyin jini har kan ƙashi ya mutu, kuma bayan ƙugu, kafaɗa ce gaɓar da abin ya fi shafa. Akwai kuma shanyewar hannun jariri sakamakon jan kafaɗa a lokacin doguwar naƙuda, da sandarewar kafaɗa da ta fi yawa a tsakanin masu ciwon suga.

Likitan da ya sadaukar da shekara goma yana bin diddigin masu sikila da kafaɗarsu ta lalace zai yi aikin da babu wanda ya fi shi damar yin sa a duniya. Amma masu bincike a wannan batu kaɗan ne, don haka masu ambatonsa ma kaɗan ne. Abokin aikinsa da ya sa sunansa cikin jerin marubuta masu yawa a kan wani batu da ke tashe a Turai zai iya ninka shi a ma'aunin h ba tare da ya taɓa majinyaci ɗaya a kan batun ba. Idan lamba ce kaɗai alƙali, an riga an gaya wa matashin likita hanyar da zai bi.

Ko ma'aunin Constant ma yana buƙatar a sake dubansa da idon gida. Tambayoyinsa sun shafi aiki da nishaɗi da barci da inda hannu ke iya kaiwa. Ya rage ga masu bincike a nan su fassara irin waɗannan ma'aunai zuwa Hausa da sauran harsunan yankin, su gwada ingancinsu, su kuma tabbatar suna kama abin da majinyaci ya damu da shi, wato ko zai iya komawa gona, ko za ta iya goya ɗanta.

Tushen da ake da shi, da cikas

Arewa ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ya fara aiki tun 1959, kuma a 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗa shi da na Igbobi a Legas da na Inugu a ƙarƙashin hukumar gudanarwa ɗaya. Daga Dala, da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri, aka yaye da yawa daga cikin likitocin ƙashin da ke aiki a yankin. Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma da Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa duk suna wajabta wa ɗalibi ya gudanar da bincike ya rubuta kundi kafin ya zama ƙwararre. Ke nan a kowace shekara ana samar da ilimi, sai dai da yawansa yana ƙarewa a kan kanta.

Dalilan sanannu ne. Likitocin sun yi kaɗan, ga kuma masu ficewa zuwa ƙasashen waje, wanda ya rage kuwa tiyata da duba marasa lafiya sun cinye masa lokaci. Kwamitin Lancet kan tiyata a duniya ya bayyana a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai aminci da rahusa a lokacin da suke buƙata, ya kuma sa burin a samu ƙwararru 20 na tiyata da sa barci da haihuwa ga kowane mutum 100,000, burin da Najeriya ke nesa da shi. Bayan haka, majinyaci da ya ji sauƙi ba kasafai yake dawowa a duba shi ba, musamman idan kuɗin mota ya yi masa yawa, ga kuma katunan asibiti na takarda da ke ɓacewa. Wasu manyan mujallu na neman dubban daloli kafin su buga maƙalar da kowa zai iya karantawa kyauta. Mujallun gida da dama, waɗanda dandalin African Journals Online ke tattarawa tun 1998, ba sa cikin Scopus, don haka ambatonsu ba ya shiga lissafin jerin Stanford.

Matsin lambar a buga ko ta halin ƙaƙa ya kuma haifar da kasuwar mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewar masana ba. Akwai masu yawan ambaton kansu, da ƙungiyoyin abokai masu ambaton juna, abin da ya sa jerin Stanford ke nuna lissafi biyu, ɗaya da ambaton kai, ɗaya ba shi. Damuwar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Sanarwar San Francisco kan auna bincike, wadda aka tsara a 2012, ta yi kira ga cibiyoyi da su daina auna malami da sunan mujallar da ya buga a ciki, su duba abin da aikin ya ƙunsa.

Ma'aunin Codman

Abin sha'awa shi ne, mafita ta fito ne daga wani likitan kafaɗa da ya riga Neer. Ernest Amory Codman na birnin Boston, wanda ya wallafa littafinsa a kan kafaɗa a 1934, ya yi fice da wata shawara mai sauƙi: kowane asibiti ya bi kowane majinyaci da ya yi wa aiki aƙalla shekara guda, ya rubuta ko aikin ya yi nasara, idan bai yi ba a binciki dalili. Ya kuma nemi a riƙa ƙara wa likitoci girma bisa wannan sakamako maimakon daɗewa a aiki. Shawarar ta jawo masa baƙin jini a wurin abokan aikinsa, har ya bar Babban Asibitin Massachusetts a 1914, ya ci gaba da aiki a ƙaramin asibitinsa inda ya riƙa buga sakamakon majinyatansa har da kurakuran da aka yi.

Yau duniya ta dawo kan maganarsa. Suwidin ta buɗe rajistar waɗanda aka sauya wa gwiwa a 1975, ƙasashe da dama suka bi sahu. Ƙungiyar SIGN da likita Lewis Zirkle ya kafa a 1999 tana bai wa asibitocin ƙasashe masu tasowa, har da wasu a Najeriya, ƙarfen gyaran karaya kyauta, da sharaɗin su riƙa shigar da bayanan kowace tiyata da hotunan bin diddigi a rumbunta. Wannan ya nuna cewa ana iya tattara sahihan bayanai ko a inda kayan aiki suka yi ƙaranci.

Abin da ya kamata a yi

Sabon asibitin koyarwa na Lafia yana da damar da tsofaffin ba su samu ba, ta fara rajistar karaya da gocewar gaɓa tun daga tushe. Ana iya rubuta yaushe raunin ya faru, yaushe aka iso asibiti, ko an biya ta wurin mai ɗori, me aka yi, nawa aka kashe, sannan a kira majinyaci ta wayar salula bayan wata uku da wata shida da shekara. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya a matakin farko a garuruwa irin su Adogi za su iya taimakawa wajen auna ɗaga hannu da tura hoto. Idan Lafia da Keffi da Dala da Jos suka yi amfani da takarda iri ɗaya, cikin 'yan shekaru za a samu bayanan da babu irinsu a nahiyar.

Asusun TETFund, da ke da reshen tallafa wa bincike na ƙasa, zai iya ware kaso ga irin wannan aiki mai ɗaukar lokaci, ya kuma taimaka wa mujallun gida su cika sharuɗɗan shiga manyan rumbuna. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i kuma za su iya buƙatar mai neman ƙarin girma ya gabatar da ayyukansa kaɗan mafi inganci, ya bayyana abin da kowanne ya sauya a ɗakin tiyata ko a tsarin jinya, a karanta su, sannan a duba lamba a matsayin ƙarin haske. Haka nan ya dace a sa masu ɗori cikin binciken, a koya musu alamomin toshewar jini da lokacin da ya wajaba su tura majinyaci asibiti, a kuma auna ko hakan ya rage yanke hannu.

Ambato yana da amfaninsa, kuma likitocin Najeriya sun cancanci a ji muryarsu a zauren masanan duniya. Hanya mafi tabbas ta samun wannan ita ce su rubuta abin da babu wanda zai iya rubutawa sai su, da bayanan da aka tattara da gaskiya daga majinyatan da aka bi har ƙarshe. Maƙalar da ta faɗi yadda masu sikila ɗari suka kasance shekara biyar bayan jinyar kafaɗa za ta samu masu ambato a Accra da Kinshasa da Landan, kuma kafin nan za ta riga ta sauya shawarar da likita zai bai wa majinyaci na gaba a Lafia.